Wasiƙar Hukuma a Yankin Konni: Larabci, Faransanci da Ingilishi

Wasiƙar hukuma da ta ciniki a gundumomin Birnin Konni, Malbaza da Illela na jihar Tawa ta bi ta hannun harsuna uku. Ingilishi shi ne autansu, kuma kafin 2025 bai taɓa zama harshen ofis a nan ba, ko da yake tsakanin Konni da Sakkwato bai kai kilomita 100 ba. Masu ba da tarihin yankin sukan faro daga zuwan Faransawa, sai ka ce kafin nan ba a san tawada ba.

An san ta ƙwarai. A Konni Musa Jakollo, kakan zuriyar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya yada zango, shi kuma Shehu a Maratta kusa da Galmi aka haife shi a 1754. Da daular Sakkwato ta kafu, wasiƙa ta zama igiyar da ke ɗaure sarakuna da fadar Sarkin Musulmi, kuma gidan Waziri ne ke riƙe da ita. Da Larabci ake rubutawa: bismillah da salati, sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, gaisuwa gwargwadon girman mutum, sannan maganar da ta kawo takardar. A buga hatimi, a ba manzo, shi ma da nasa saƙon na baka. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba matafiyin Ingila Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari a 1903 kuwa, H. F. Backwell ya fassara su ya buga a 1927. Yawancin irin waɗannan takardu ba su da kwanan wata, shi ya sa har gobe masana ke ja-in-ja kan wace ta riga wace.

Harshen da mutanen Konni za su riƙa rubuta wa hukuma da shi, cikin shekaru goma aka yanke shi, 1898 zuwa 1908, kuma ba a tambaye su ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta Yunin 1898 ta ja da'ira mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, ta ce abin da ke ciki na Ingila ne. Konni tana ciki tsundum. Da an zauna a haka, da yau ɗan Konni da Ingilishi zai nemi aiki, kamar ɗan'uwansa na Gwadabawa.

Da'irar ta takura wa Faransawa, don ta bar musu hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi zuwa Damagaram. Rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ba ta damu da layin takarda ba: ta faɗa wa Birnin Konni a watan Mayun 1899, ta ƙona garin, ta yi kisan da har yanzu ba a daidaita kan yawansa ba. Abin da ya tona asirin rundunar ma wasiƙa ce, kuma ba ta hukuma ba. Laftanar Péteau, wanda aka kora daga tafiyar tun kafin a iso Konni, ya rubuta wa budurwarsa ta'asar da ya gani, takardar ta kai hannun 'yan siyasa a Paris, gwamnati ta tura Kanar Klobb ya bi sawunsu. Voulet ya aika masa takardar gargaɗi cewa in ya matso za a buɗe masa wuta. Haka aka yi, ran 14 ga Yulin 1899 aka harbe Klobb.

Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 suka saukar da iyaka kudu, Konni ta koma hannun Faransa, tawagar ƙasashen biyu ƙarƙashin Tilho da O'Shee ta kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Yarjejeniyar 1906 ta fi cancanta a riƙe, domin ita ce ta fayyace layin da ake bi.

Daga nan takarda ta koma Faransanci. Tsakanin talaka da kumandan akwai tafinta da magatakarda, kuma wanda ya riƙe alƙalami shi ya riƙe rabin shari'a. Bayan 'yancin kai na 3 ga Agusta 1960 salon bai sake ba: takardar neman abu da hannu ake rubuta ta, a manna tambur, a buɗe da muƙamin mai ofis, a rufe da doguwar jimlar girmamawa wadda ɗan lakwal ke haddacewa kamar karatun allo. Wanda bai yi boko ba sai ya nemi masu rubuta wa jama'a takarda a bakin kotu ko ma'aikatar magajin gari, ya biya. Malamai da dattawa kuwa ba su bar ajami ba a wasiƙun zumunci da na bashi.

Ingilishi ta ƙananan ƙofofi ya shigo. Ɗaya ita ce asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, da ma'aikata daga ƙasashen da ke magana da shi. Wata ita ce kasuwa: albasar Galmi na tafiya Najeriya da Gana, kaya na shigowa ta kan iyaka, kuma takardar da za a nuna wa kwastan ko banki a can dole ta kasance da Ingilishi. Sai ɗalibai masu neman gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975. Salon Najeriya suke ɗauka, wanda jarrabawar WAEC ta kafe: adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa gajera, kanun magana a layi guda, rufewa da kalma biyu. Wanda ya saba da ladabin Faransanci yakan ga wannan salon kamar gaisuwar tsaye.

Akwai kuma tarkon adireshi. Illela biyu ce: ta Nijar, mazaunin Sarkin Adar, da ta jihar Sakkwato da ke fuskantar Konni a bakin iyaka. Mai rubutu da hankali yakan ƙara sunan ƙasa.

A matakin gwamnati, Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, da Faransanci da Ingilishi take aiki. A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.