Matar da ta sa aka sauya dokar riƙon 'ya'ya a Ingila

Yau tarihi zai kai mu Ingila.

Kafin shekarar 1839, idan miji da mata suka rabu a can, 'ya'ya na uba ne kacokan. Uwa ko ganinsu ba za ta yi ba sai ya ga dama. Abin da ya sami wata marubuciya ke nan, Caroline Norton. A 1836 zamanta da mijinta George ya ƙare, ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya hana ta ganinsu. Ita kuwa ta dage da rubuce-rubuce har majalisa ta yi doka a 1839, wadda ta ba uwa damar neman riƙon ɗan da bai kai shekara 7 ba a gaban kotu.

To amma fa George ya kai yaran Sikotland, inda dokar ba ta aiki. A 1842 autansu William ya faɗo daga kan doki, ciwon ya tsananta, ya rasu kafin uwarsa ta iso. Sai bayan wannan rashi uban ya sassauta mata kan sauran biyun.

Sai a 1925 doka ta ce jin daɗin yaro shi alƙali zai fara dubawa, kafin haƙƙin uba ko na uwa. Kusan shekara 90 ke nan ana jayayya kan wa ke da yaro, yara na ɗanɗana kuɗarsu, kafin a sa buƙatar yaron gaba da komai.

Mu haɗu a shiri na gaba. Allah ya raya mana zuri'a.