Gonakin da Ake Nomawa Don Kada Sana'ar ta Mutu

A gefen birnin Des Moines na jihar Iowa a Amurka, a garin Urbandale, akwai wani fili mai faɗin eka 500 da ake nomawa kowace shekara, kuma ba kasuwa ake yi wa noman ba. An kafa wurin a 1970 da sunan Living History Farms, bisa jagorancin William Murray, masanin tattalin arzikin noma a jami'ar jihar. Gonaki uku ne a ciki, kowace an tsayar da ita a wani zamani. Akwai ta ƙabilar Ioway a 1700, inda ake shuka masara da wake da kabewa da fartanyar ƙashi. Akwai ta baƙin da suka zo daga gabas a 1850, inda bijimai ke jan garma, sai ta 1900 wadda dawaki ke yi wa aiki. Iyaye na biyan kuɗin shiga su kawo 'ya'yansu su ɓare masara, su ɗebo ruwa, su kaɗa nono har mai ya taso, wasu manya kuma su ba da ranakun hutunsu kyauta suna nome da girbi. Wanda ya tashi a inda garmar shanu ke kan aiki kowace damina zai ɗauki wannan wasan masu ƙoshi ne. A ganina hannuwan nan na 'yan sa kai da na yara su ne ainihin abin da gidan tarihin ke adanawa, gine-ginen da kayan aikin kuma biyo baya suka yi.

Ba a Amurka tunanin ya fara ba. A 1891 Artur Hazelius ya buɗe Skansen a Stockholm, bayan ya yi kusan shekara ashirin yana tattara tufafi da kayan aikin ƙauyukan Suwidin da masana'antu ke haɗiyewa. Ya lura cewa kaya a bayan gilashi ba su iya faɗin yadda aka rayu da su, sai ya sa aka ciro gidaje sukutum daga sassan ƙasar aka sake kafa su a tsibirin Djurgården, aka zuba dabbobi, aka sa mutane a ciki da kayan gargajiya. Amurka ta bi sahu da garuruwan tarihi irin su Colonial Williamsburg da Old Sturbridge Village, wanda aka buɗe a 1946. Amma gonar tarihi a matsayin abu mai zaman kansa ta jira har 1965, lokacin da Marion Clawson ya ba da shawarar a kafa jerin gonaki masu aiki da za su nuna noman kowane yanki da kowane zamani. John Schlebecker na cibiyar Smithsonian ya ɗauki maganar, kuma a 1970 aka kafa ƙungiyar masu irin waɗannan gonaki a wani taro a Sturbridge.

Lokacin da abin ya taso shi ne hujja ta farko. A 1900 kusan kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan Amurka a gona suke, a ƙarshen ƙarnin kuwa ba su kai kashi 2 ba. Dawaki da alfadaran gona sun haura miliyan 25 a wajajen 1920, amma a 1954 yawan taraktoci ya zarce nasu. Mutumin da ya yi huɗa da doki yana saurayi a shekarun 1920 ya kai sittin ko saba'in a 1970. Garmarsa na iya shekara ɗari a rumfa ba ta lalace ba, abin da ke kansa da tafin hannunsa kuwa tare za a binne su. Yadda ake daidaita bakin garma don kada ta nutse ko ta yi sama, yadda ake gane ciyawa ta bushe ta isa ɗauka, yadda ake karanta kunnen doki kafin ya yi tutsu, littattafan noma na zamanin ba su cika rubuta waɗannan ba, domin kowane yaron gona ya san su. Ilimi irin wannan hanya ɗaya yake bi, wato wani ya tsaya kusa da wanda ya iya, ya kama, ya ɓata, a gyara masa. Tsofaffin manoman da suka zo suna taimakawa a shekarun farko, da matasan da suka tsaya kusa da su, su ne suka haɗa zaren kafin ya tsinke.

Dabbobi ma sun tabbatar da haka. Da gidajen tarihi na yankin New England suka tashi neman shanu da tumaki irin na ƙarni na 18 da na 19, sai suka tarar wasu nau'o'in sun kusa ƙarewa, domin noman zamani ya tattara a kan 'yan nau'o'i masu yawan nono ko saurin ƙiba. Wannan damuwa na cikin abin da ya haifar da ƙungiyar kare nau'o'in dabbobin gida a 1977, wadda yau ake kira Livestock Conservancy. Tumakin Leicester masu dogon gashi, waɗanda George Washington ya san irinsu, sun ɓace daga Amurka har sai da Colonial Williamsburg ta shigo da su daga Ostareliya a 1990. Tunkiya ba ta ajiyuwa a akwati, haka ma irin masara, wanda in ba a shuka shi ana sabuntawa ba yakan mutu a cikin kwalba. Dole a yi ta kiwo, a yi ta shuka, kuma wannan aiki ne na kullum mai cin hannuwa da yawa.

Nan ne 'yan sa kai suka zama tilas, kuma dalilin ya wuce ƙarancin kuɗi. Gonar 1900 ba ta taɓa tsayawa da ƙarfin mutum ɗaya ba. Matar gida da 'ya'ya suna cikin ma'aikata, ranar sussukar alkama kuma maƙwabta kan taru su bi gona-gona da inji guda, mata na dafa wa taron abinci, kusan yadda gayya take a ƙasar Hausa. Gidan tarihin da ya nuna wannan gona da ma'aikata biyu masu albashi da 'yan kallo a bayan igiya ya yi wa tarihi ƙarya, ko da kowace ƙusa ta ginin ta asali ce. A gonar Howell ta jihar New Jersey, wadda ke nuna noman 1890 zuwa 1910, kalandar baƙi ita ce kalandar aikin: yankan ƙanƙara a tafki da hunturu, tatsar ruwan itacen da ake dafawa ya zama sukari, askin tumaki da bazara, girbin masara da kaka. Yaron da aka ba kwando ya tsinto ƙwai, ko aka sa shi bin bayan garma yana tsintar dankali, yana tsaye ne daidai inda yaron wancan zamani ya tsaya.

Masu suka na da magana mai nauyi. Suna cewa waɗannan gonaki na wanke tarihi su goge shi: akwai ƙamshin burodi da ɗan maraƙi, babu fari, babu bashin banki, babu jaririn da zazzaɓi ya ɗauke, kuma da yamma kowa ya shiga motarsa ya koma gida. Gaskiya ne, kuma wani ɓangaren ba shi da magani, domin ba a iya shirya yunwa don 'yan kallo. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Tsakanin gonar Ioway da gonar 1850 tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, alhali abin da ya raba su a tarihi yarjejeniyoyi ne na shekarun 1820 da 1830 da suka raba Ioway da ƙasarsu, aka tura su iyakar Kansas da Nebraska. Williamsburg ta yi shekaru tana nuna gari mai tsabta, alhali kusan rabin mazaunansa a shekarun 1770 baƙar fata ne, mafi yawansu bayi. Sai a 1979 ta fara ba da labarinsu da gaske, kuma da ta kwaikwayi gwanjon bayi a 1994 an yi zanga-zanga a wurin. Sukar ta ci gidajen da suka yi shiru, ina kuma ganin ta yi musu amfani. Sai dai ba ta rushe hanyar kanta ba, domin wanda ya sunkuya da fartanya rabin sa'a a rana ya fi mai karanta allo kusa da fahimtar abin da ake nufi da a tilasta wa mutum wannan aiki daga asuba zuwa faɗuwar rana, ba lada, har ƙarshen ransa.

Suka ta biyu ta fi damuna. Ɗan sa kai na iya zama mai son abu ba tare da ya san shi ba, ya riƙa maimaita wa baƙi tatsuniyar da ya ji, kuma hukumar da ta saba samun aiki kyauta na iya daina ɗaukar ƙwararru. Bijimi na cin abinci ranar da babu baƙo ko ɗaya, horar da shi ya karɓi karkiya kuma aikin watanni ne a hannun mutum guda da ya san shi. Gonar da ta sallami wannan mutum don ta rage kashe kuɗi ba za ta sami abin da za ta koya wa 'yan sa kanta ba bayan shekara goma. Wasu kuma na cewa ai al'ummar Amish na nan suna noma da dawaki, don haka ilimin bai shiga haɗari ba. Suna noma da su, har akwai masu ƙera sababbin kayan doki a cikinsu, amma Amish na yi ne don addininsu da rayuwarsu, ba su buɗe makaranta don jama'a ba, kuma noman bijimai ba shi ne al'adarsu ba. Wannan ɓangare ya rayu ne a hannun 'yan tsirarun iyalai a New England, da gidajen tarihi, da cibiyoyi irin su Tillers International a jihar Michigan, wadda tun farkon shekarun 1980 take koyar da aikin bijimai da ƙira, tana kuma aiki da ƙananan manoma a ƙasashen Afirka kan gyaran karkiya da garma.