Yadda Littafin Boko Ya Iske Mai Karatu a Ƙasar Zazzau

Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. To, amma buga littafi daban, kai shi hannun mai karatu daban. Yaron ƙauye irin Bomo, kusa da Samaru, galibi a aji ya fara jin sunan Imam. Manya kuwa ta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ya zama editanta a 1939. Saboda haka idan dattijo ya ce Magana Jari Ce ya fi so, sai a tambaye shi littattafai nawa suka taɓa iso masa. Balle da aka rufe NORLA a 1959, harkar ta yi sanyi har aka kafa NNPC a 1966.