Hidimar Coci ga Ma'aikatan Jiragen Ruwa: Nazari a kan Cibiyar Duckdalben ta Tashar Hamburg

Tsakure

Hidimar coci ga ma'aikatan jiragen ruwa ta faro ne da wa'azi a ƙarni na 19, amma a yau galibinta saukar baƙi ne da kare haƙƙinsu. Maƙalar ta bi sawun wannan sauyi a tashar Hamburg ta Jamus, ta nuna cewa zuwan kwantena da tsaurara tsaro ne suka sake fasalin aikin, kuma yardar da baƙi ke ba ma'aikacin coci ta rataya ne a kan kame bakinsa daga jan su zuwa addininsa.

1.0 Gabatarwa

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin ƙasa da ƙasa ta teku suke bi. Ƙiyasin da ƙungiyoyin masu jirage, BIMCO da ICS, suka fitar a 2021 ya sa adadin ma'aikatan jiragen a kan miliyan 1.89, da yawa daga cikinsu daga Filifin, Rasha, Indonesiya, Sin da Indiya. Mutum kan sa hannu a kwantiragin wata shida zuwa tara, ya hau jirgin da mai shi ke wata ƙasa, tutarsa kuma ta wata ƙasar daban. Idan albashi ya maƙale ko ciwo ya kama shi a tashar da ba shi da kowa, wa zai kai wa kuka? A wannan giɓi ne mishan ɗin teku suka kafa sansani.

2.0 Tushen aikin

A 1818 aka kafa ƙungiyar da a yau ake kira Sailors' Society a Landan, ta mai da wani tsohon jirgin yaƙi majami'a a kan kogin Thames. A 1835 wani limamin cocin Angilika, John Ashley, ya fara bin jiragen da ke jiran iska a mashigin Bristol yana jagorantar ma'aikatansu a sujada. Daga irin wannan ƙoƙari ƙungiyar Missions to Seamen ta fito a 1856. Norwe ta kafa tata a 1864, Jamus a 1886, Katolika kuma suka soma nasu a Glasgow a 1920, wanda yanzu ake kira Stella Maris. A wancan zamani jirgi kan yi makonni a tasha, abokan gabar mishan kuwa su ne gidajen giya da dillalan da ke cinye albashin matuƙi kafin ya farga. Saboda haka aka gina masauki da ɗakin karatu da majami'a a cikin gari, kusa da bakin ruwa. Har yanzu majami'un 'yan teku na Danmak, Norwe, Finland da Suwidin suna nan a titin Ditmar-Koel na Hamburg.

3.0 Kwantena, tsaro da ƙarancin lokaci

A Afrilun 1956 jirgin Ideal X ya bar Newark ta Amurka da kwantena 58. Cikin shekaru ashirin wannan akwati ya birkita tsarin tashoshi. Lodin da kan ci mako biyu ya koma yini guda ko ƙasa da haka, ma'aikatan babban jirgi suka ragu zuwa ashirin da 'yan kai, wuraren lodi kuma suka yi ƙaura zuwa bayan gari. A Hamburg sun tsallaka kudancin kogin Elbe, zuwa Waltershof da Altenwerder. Sai kuma dokar tsaron jirage da tashoshi ta ISPS, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2004 bayan harin 11 ga Satumba, ta ƙara shinge da katin shaida tsakanin jirgi da tudu.

Mai sa'o'i uku na hutu ba zai iya zuwa majami'ar cikin gari ba. Shi ya sa a 1986 reshen Harburg na mishan ɗin teku na Jamus ya buɗe Duckdalben a tsakiyar Waltershof, inda injunan ɗaga kaya da layin dogo da manyan motoci suka kewaye ta. Abin lura shi ne, mafi muhimmancin kayan aikin cibiyar ba mumbari ba ne, ƙananan motocin bas ne. Ma'aikaci ya buga waya daga jirgi, a zo a ɗauke shi kyauta, a mayar da shi kafin lokacin aikinsa ya yi. A ciki akwai intanet, layin waya na sayarwa, wurin aika kuɗi gida, kanti mai cike da cakulan da sabulu, teburin sunuka da filin ƙwallon kwando. Bango da rufin zauren sun cika da tayoyin ceto da tutoci da tsarabar da baƙi suka bari, kowanne da sunan jirginsa. Abin da mutum ke fara yi idan ya shigo sananne ne: ya nemi lungu, ya kira gida ta bidiyo. Waɗanda ba su samu izinin sauka ba kuwa, ma'aikatan mishan ne ke hawa musu tsani da jakar layukan waya da jaridu, su zauna da su a ɗakin cin abinci.

4.0 Ɗakin natsuwa da iyakar wa'azi

Cibiyar ta keɓe ɗaki guda don ibada, inda kowane addini ke da kusurwarsa: gicciye da Littafi Mai Tsarki a nan, dardumar salla da alamar alƙibla a can, sai wuraren Yahudawa, Hindu, Buda da Sikh. Ba ƙofa ba labule a tsakaninsu. Wannan tsari bai rasa masu suka ba, musamman daga mishan masu ganin cewa hidimar da ba ta kai ga shelar bishara ba ta zama aikin jin ƙai kawai. Sai dai hujjar ɗaya ɓangaren ta fi ƙarfi. Hawa jirgi da izinin kyaftin ne, kyaftin mai riƙe da Musulmi da Kirista da Hindu a ƙarƙashinsa kuwa ba zai sake buɗe ƙofa ga wanda ya bar masa gardamar addini a ɗakin cin abinci ba. Ban da haka, baƙon da ke buƙatar layin waya ba shi da ƙarfin cewa a'a, yi masa wa'azi a wannan hali cin moriyar rauninsa ne. Ƙungiyar ICMA, wadda aka kafa a Rotterdam a 1969 don haɗa kan mishan ɗin ɗariƙu daban-daban, ta ɗora mambobinta a kan yi wa kowa hidima ba tare da duba addini ko ƙasa ba. Mai neman addu'a ko jibin Ubangiji ana haɗa shi da fasto ko fada.

5.0 Tsakanin sadaka da haƙƙi

Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki ranar 20 ga Agustan 2013, ta nemi ƙasashe su ƙarfafa samar da wuraren walwala a tudu, amma ba ta tilasta wa kowa biyan kuɗinsu ba. Don haka Duckdalben na tafiya ne da tallafin hukumomi, kuɗin coci, gudummawar ganin dama daga masu jirage, da gumin 'yan sa-kai. Akwai sarƙaƙiya a nan, domin kamfanin da ya ba da gudummawa yau, gobe yana iya zama wanda ma'aikaci ke ƙorafi a kansa. Abin da aka saba shi ne ma'aikacin mishan ya saurara, ya riƙe sirri, kuma sai da amincewar mai ƙorafin yake miƙa batun ga sufeton ƙungiyar ƙwadago ta ITF ko hukumar binciken jirage, saboda tsoron a daina ɗaukarsa aiki ba ƙaramin abu ba ne.

Annobar korona ta fito da nauyin da aka bar wa coci fili. A Satumban 2020 kusan ma'aikata 400,000 ne suka maƙale a jirage bayan ƙarewar kwantiraginsu. A Hamburg, sama da mutum ɗari 'yan Kiribati suka yi watanni a wani masaukin matasa saboda ƙasarsu ta rufe iyakokinta, mishan ɗin teku na cikin waɗanda suka tsaya musu har aka samu hanyar mayar da su. Da aka hana sauka, ma'aikatan Duckdalben suka koma kai saƙon sayayya gindin tsani, a 2021 kuma aka yi amfani da cibiyar wajen yi wa ma'aikatan jirage allurar rigakafi, ko daga wace ƙasa suke.