'Yan Damben da Tarihi Ya Manta: Waiwaye Daga Kano ta 1824

1.0 Gabatarwa

Dambe na ɗaya daga cikin wasannin jarunta mafi daɗewa a ƙasar Hausa. Sai dai idan aka tambayi masu sha'awarsa su lissafo 'yan damben da, da wuya su wuce sunaye kaɗan, irin su Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kore. Wannan takarda za ta dubi dalilin da ya sa sunayen sauran mazajen suka ɓace, da kuma hanyoyin da ake bi a gano abin da ya rage na labarinsu.

2.0 Damben Kano na 1824

Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa a kan dambe shi ne na Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya sauka Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, kafin ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A littafin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826, ya ce ya sa ladar wuri 2,000 domin a yi masa dambe ya gani, amma ya hana a yi na gaske, saboda ya ji cewa akan rasa rai a wasan.

Bayanin nasa ya zo dalla-dalla. 'Yan damben sun iso da makaɗa biyu, mahautan gari na biye da su. Aka watsa wa 'yan kallo ƙasa domin su ja baya a buɗe fage. Kowane ɗan dambe ya fito da walki kaɗai, yana kirari, yana kamanta kansa da kura da zaki. Aka ɗaure masa hannun dama da sawaye tun daga dunƙulen hannu har zuwa dantse. Mutum wajen ashirin ne suka fito. Idan aka haɗa biyu aka tarar abokai ne, sai su haɗa ƙirji su rabu, a kawo wani. Bayan an yi karo shida sai baƙon ya biya ladar, taro ya watse.

Abin lura a nan shi ne, duk da wannan bayani, Clapperton bai rubuta sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. An san yadda suka ɗaura zare, an san irin kirarinsu, amma su kansu sun shuɗe.

3.0 Dalilan Ɓacewar Sunaye

Dalili na farko shi ne matsayin masu wasan. Dambe wasan rundawa ne, wato mahauta, kuma a tsarin zaman Hausawa na da ba a ɗauki fawa a matsayin sana'a mai ɗaukaka ba. Marubutan wancan zamani sun fi mayar da hankali ga sarakuna da malamai da yaƙe-yaƙe. Tarihin Kano, alal misali, ya jero sarakuna da mayaƙansu, bai shiga fagen dambe ba.

Na biyu, dambe wasan yawo ne. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, 'yan dambe kan bi ƙauyuka da kasuwanni suna neman abokan karawa. Wanda ya yi kisa a wannan gari yau, gobe yana wani gari. Ba a rubuta sakamako, ba a ajiye lissafin turmi nawa aka yi.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne cewa makaɗi ne ma'ajiyar tarihin dambe, shi kuwa makaɗi nasa yake wasawa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ya ɗaukaka sunan Shago har ya zama abin misali. Ɗandunawa kuwa, mafi yawan masu saurare sun san shi ne ta cikin waƙar Shago. Ke nan abokin karawa yakan tsira daga mantuwa idan makaɗin kishiyarsa ya ambace shi, ko da ta hanyar zambo ne. Wanda bai samu ko wannan ba, sunansa kan bi shi kabari. Su ma waɗanda aka sani sun ci sa'ar zamani, domin sun yi tashe lokacin da gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da kuma kaset suka fara adana muryoyin makaɗa.

Damben Turawa ya sha bamban a nan. An san cewa Hogan Bassey ya doke Cherif Hamia a birnin Paris a 1957, Dick Tiger kuma ya doke Gene Fullmer a 1962. Takarda ta riƙe sunan gwani da na wanda aka kayar tare.

4.0 Hanyoyin Bincike

Hanya ta farko ita ce nazarin waƙoƙin dambe. Ɗalibi zai iya bin waƙa ɗango-ɗango, ya tsamo kowane suna da laƙabi da gari da aka ambata, ya ware wanda aka yaba da wanda aka yi wa zambo. Ta biyu ita ce hira da gidajen Sarkin Fawa da makaɗan kalangu, waɗanda suka gaji take da kirarin mazajen da. Ta uku ita ce faɗaɗa binciken zuwa zangunan Hausawa na tsohuwar hanyar Gwanja, irin su Parakou da Djougou a ƙasar Benin, inda Hausawa suka zauna tun zamanin fataucin goro. Abin da aka manta a gida, wani lokaci akan same shi a bakin dattawan zango.

5.0 Kammalawa

Ba a yin dambe da mutum ɗaya. Darajar Shago ta dogara ne ga ƙarfin mazajen da ya kara da su, don haka tarihin da ya ambaci gwani ya bar abokin karawarsa bai cika ba. Mahautan Kano na 1824 sun riga sun ɓace, amma na ƙarni na 20 akwai sauran masu tuna su. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa shi ne su rubuta waɗannan sunaye tun dattawan da suka san su suna raye.