Tarihin Maganin Firgici da Fargaba: Daga Al-Balkhi Zuwa Farfesa Malik Badri

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin shinkafa a fadamar Hadejia, ya aiko yana cewa tun ambaliyar 2022 da ta ci gidansu da gonarsu, ƙanensa ba ya iya barci idan hadari ya taso, ya kuma daina zuwa bakin kogi sam, alhali da kamun kifi yake ci da iyalinsa. Wasu sun ce iska ce, wasu sun ce ragwanci ne. Yana son a ba shi tarihin maganin irin wannan ciwo, da wani masani da ya shahara a kansa.

AMSA: To Malam, da farko muna yi muku jaje, Allah Ya mayar da alheri. Abin da ka bayyana ciwo ne sananne, kuma ƙanenka ba shi kaɗai ba ne. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma sun sha ganin ruwa cikin ɗaki a shekarun 2018 da 2020 da 2022, ga kuma gobarar tankar mai ta Majiya a watan Oktoba na 2024, wadda ta hallaka mutum fiye da 150. Duk inda aka yi irin wannan, bayan an binne mamata an gyara katanga, akan bar waɗansu da rauni a zuci wanda ido ba ya gani.

Maganar ta daɗe a hannun masana. Akwai wani malami, Abu Zaid al-Balkhi, wanda aka haifa wajen shekarar 850 a yankin Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ya rasu a 934. Ya yi karatu a Bagadaza wurin shahararren masanin nan al-Kindi. A littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya nuna cewa rai na yin ciwo kamar yadda jiki ke yi, ya kuma karkasa ciwon zuwa fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Shawararsa game da tsoro ita ce mutum ya riƙa saba wa kansa da abin da yake tsoron, har zuciya ta daina zabura. Ya kuma ce a tanadi kyawawan tunane-tunane tun ana lafiya, kamar yadda mai gida ke ajiye magani don ranar ciwo.

Su kuwa Turawa, yaƙi ne ya tilasta musu kula da wannan ciwo. A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, an yi ta kwaso sojoji daga fagen daga suna makyarkyata, wasu sun kasa magana, alhali harsashi bai taɓa su ba. Da yawa an ɗauke su matsorata, aka hukunta su. A Yaƙi na Biyu wani likitan soja ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya ga magungunan lokacin ba sa yi wa irin waɗannan sojoji aiki. Bayan yaƙi ya yi gwaji da kyanwoyi: ya firgita su a cikin keji har suka ƙi cin abinci a wurin, sannan ya dinga ba su abinci daga nesa yana matsowa da su kaɗan-kaɗan, har tsoron ya fita. A 1958 ya wallafa hanyarsa ta jinyar mutane. Ana koya wa majinyaci sakin jiki da kwantar da numfashi, sannan a jera masa abubuwan da yake tsoro daga ƙarami zuwa babba, ya riƙa hasko su a ransa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne masanin da za mu ba ka labarinsa ya shigo, wato Farfesa Malik Babikir Badri na ƙasar Sudan. An haife shi a 1932 a garin Rufa'a, a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kogin da Hausawa da Fulani masu tafiya hajji a ƙasa suka zauna a gefensa, har suka kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Mahaifinsa, Babikir Badri, shi ne ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, lokacin da abin ke da wuya ƙwarai. Malik ya yi digirinsa na farko da na biyu a Jami'ar Amurka da ke Beirut, ya sami digirin dakta a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1961, sannan a 1966 ya koyi aikin jinyar masu damuwa a asibitin Middlesex da ke Landan. Shi ba likitan allura da ƙwaya ba ne. Masanin halayyar ɗan Adam ne, da zance da horon zuciya yake yin magani.

Da ya fara aiki da hanyar Wolpe, sai ya lura da wani giɓi. A tsohon tsarin, majinyaci yakan rufe ido ya yi shiru, idan tsoro ya kama shi sai ya ɗaga yatsa kawai. Badri ya ga ta haka mai magani ba ya sanin abin da ke gudana a zuciyar mutum. Saboda haka ya sa majinyaci ya riƙa faɗin abin da yake gani da abin da yake ji, ana tattaunawa ana gyara masa tunanin da ya karkace. Ya wallafa wannan gyara a 1967, kuma ya nufe shi har da masu fargabar da ba ta da takamaiman dalili, irin waɗanda kullum gabansu ke faɗuwa ba su san me ya sa ba.

A 1979 ya fitar da littafin da ya fi yi masa suna, inda ya soki masana halayyar ɗan Adam na ƙasashen Musulmi da kwafo ra'ayoyin Turawa, musamman na Sigmund Freud, ba tare da tantancewa ba. Ya kwatanta hakan da bin mutum har cikin ramin damo. Shi dai bai ce a watsar da ilmin zamani ba. Abin da ya nema shi ne a ɗauki abin da gwaji ya tabbatar, a yi aiki da shi cikin harshe da imani da al'adar majinyaci. Ya koyar a Sudan da Jodan da Saudiyya da Malesiya, a 2013 kuma ya fassara sashen littafin al-Balkhi zuwa Turanci, duniya ta ga cewa an san wannan magani shekaru dubu da suka wuce. Ya rasu a Malesiya a watan Fabrairu na 2021.

Sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka sa firgicin bayan masifa cikin kundin cututtuka da sunansa. Daga nan wata masaniya, Edna Foa, ta Jami'ar Pennsylvania, ta tsara jinya ta zama 8 zuwa 15, inda mutum ke maimaita labarin abin da ya same shi a gaban mai magani, yana kuma komawa wuraren da yake gudu sannu a hankali. A nan gida Najeriya, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara a 1954 ajiye majinyata a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, maimakon a kulle su. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

To Malam, ga abin da wannan tarihi ke koya mana game da ƙanenka. Yawancin mutane firgicinsu kan lafa da kansa cikin 'yan makonni. Amma idan an wuce wata guda mutum na mugun mafarki, yana zabura da ƙaramar ƙara, yana gudun wurin da abin ya faru har sana'arsa ta tsaya, to ciwo ne mai neman magani. Gudun ne ma ke ciyar da tsoron, domin duk ranar da ya ƙi zuwa kogi yakan ji sauƙi, sai zuciya ta ƙara yarda cewa kogin ne ajalinsa. Mai magani zai iya farawa da shi da rani, lokacin da ruwa ya janye: yau ya zauna inda yake hango kogi, wani mako a bakin gaɓa, sannan ƙafa cikin ruwa, sannan cikin kwalekwale a ɗaure. Kada a ja shi da ƙarfi, kada a yi masa dariya, kada a ɗaure shi, kuma a nisanta shi da Tramol da sauran ƙwayoyin kasuwa. Tsoron ruwa idan ya cika ya kawo kuwa hankali ne, ba shi ake son cirewa ba.

Ku fara da babban asibitin da ke kusa da ku, su za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Allah Ya ba shi lafiya, da fatan mai sauraronmu ya gamsu.