Masaƙar Kakuri: inda tufar iyayenmu take fitowa

Yau tarihi zai kai mu Kaduna, amma daga kasuwar Tanut za mu tashi.

Ku tambayi dattawanmu na Tenhya, za su gaya muku tun zamanin ayari tufarmu daga kudu take zuwa. Mu kai gishiri da dabbobi Kano, mu dawo da turkuɗin Kura. Da aka daina dogara da saƙar hannu, hanyar ba ta sauya ba, masaƙar ce ta sauya.

A 1957 aka buɗe Kaduna Textiles, wato KTL, a unguwar Kakuri. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ce ta kafa ta, tare da wani kamfanin Ingila, David Whitehead and Sons. Dabarar ba wuya: audugar da ake nomawa a Funtuwa da Zariya, maimakon a loda ta jirgi zuwa Turai, a saƙa ta a gida. Da akoko aka fara, farin yadin nan na talaka, na riga da likkafani. Daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka zo suka kafu kusa da ita, dubban ma'aikata suna canjin aiki dare da rana.

To me ya kashe ta? A 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran rini suka yi tsada. Wutar NEPA ba tabbas, injinan sun tsufa. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta biyo baya a 2007. Ma'aikatan KTL sun shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Atamfar Sin mai araha da ta cika Kantin Kwari, da yawanta a Kwatano aka riƙa sauke ta, ta ratso ƙasarmu ta Gaya da Maraɗi, ta tsallaka iyaka a ɓoye. 'Yan kasuwarmu sun ci riba, gwamnatinmu ta karɓi kuɗin fito. Mu ma da muke jin haushi, ita muke saye, don aljihu ba ya jin wa'azi. Masaƙar SONITEXTIL ta Yamai ma irin wannan kayan ne ya shaƙe ta.

Mai sauran zanen Kaduna a adakar tsohuwarsa, ya ɗauko mana hotonsa mu gani.